Sunan Ƙasa da Fuskar Mamaci: Tafiya Tsakanin Ƙauran Namoda, Zurmi da Shinkafi

Malaman da suka gabace mu, Allah ya jiƙansu, idan suka tashi rubuta tarjamar wani bawan Allah, ba su kan wadatu da ambaton sunansa da na mahaifinsa ba, sai sun jingina shi ga ƙasar da ta haife shi ko wadda ta rene shi, domin a wurinsu nasaba ga wuri amana ce kamar nasaba ga uba, wanda kuwa ya musanya ta da gangan ya yi wa tarihi shaidar zur. Albarkacin wannan ladabi ne har gobe muke sane da cewa Muhammadu al-Kashinawi, masanin hisabi da taurari wanda ajali ya riske shi a Alƙahira a 1741, ɗan ƙasar Katsina ne, ko da yake ƙasar Masar ce ta rufe shi. Nauyin wannan amana shi ne abin da ya yi ta bijiro mini a wata tafiya da na yi zuwa arewacin Zamfara, inda na taras da maganar matattun Masar na zamanin Rumawa ta haɗu da ta magabatanmu a kan mas'ala guda, wato abin da ke faruwa idan aka raba mamaci da sunan wurin da aka kwantar da shi.

Da kaka na tashi, lokacin da aka gama yankan gero, dawa kuwa tana tsaye tana jiran lauje. Muka bi ta Funtuwa da Tsafe, muka wuce gindin dutsen Kwatarkwashi, wanda matafiyi ke hangowa tun daga nesa ya tokare sama, muka sauka Gusau, daga nan muka juya arewa. Babu wanda ya shiga motar nan ba tare da ya yi addu'a a bayyane ba, saboda halin da ƙasar take ciki na 'yan bindiga ba ɓoyayye ba ne, direba kuma ya gaya mana tun a tasha cewa duk wanda bai isa masaukinsa kafin la'asar sakaliya ba, to, ya kwana inda yake. Duk da haka gonaki na nan dama da hagu, damman gero a jingine, mata na tsintar gyaɗa, yara na kora awaki, kowa na neman halalinsa cikin tsoro da tawakkali.

Ƙauran Namoda gari ne da ke bakin gulbin Gagare, kuma a nan ne hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Zariya ta bi ta Funtuwa da Gusau ta tsaya a 1929, abin da ya mai da garin matattarar gyaɗa da auduga na dukkan wannan yanki har zuwa kan iyaka. Na taka zuwa tsohuwar tashar da hantsi, na tarar ciyawa ta rufe ƙarafan dogo, tumaki na kwance a inuwar da ’yan dako suka saba jiran kaya, amma allon da ke ɗauke da sunan garin bai gushe ba. Sunan kuwa na mutum ne: Namoda, jagoran Fulanin Alibawa, wanda ya taimaki jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da mayaƙansa, ya kuma halarci buɗe Alƙalawa a 1808, ya cika a fagen fama ba da daɗewa ba. Babu wanda ya zana kamanninsa, babu mai iya cewa ga faɗin goshinsa ko ga tsawon gemunsa, amma kowace safiya yaran mota na kiran sunansa a tashoshin Gusau da Zariya da Kano, ɗaliban babbar makarantar fasaha ta tarayya da aka kafa a garin a 1983 kuma suna ɗauke da shi a takardun shaidarsu duk inda suka shiga.

Mai masaukina wani malami ne da ya yi karatu a Azhar a ƙuruciyarsa, yanzu kuwa yana karantar da Risala da Iziyya a zaurensa. Bayan sallar lisha, da ɗalibai suka watse, hira ta kai mu Masar, sai ya miƙe ya ciro wani ɗan littafi daga ƙarƙashin tarin littattafan fiƙihu, wanda ya ce ya saya a ƙofar gidan kayan tarihi na Alƙahira, ya buɗe mini wani shafi, ya matso da fitila. Hoton wata budurwa ce, an zana ta daga kafaɗa zuwa sama a kan siririn katako. Idanunta manya ne, baƙaƙe, suna duban mai dubanta kai tsaye. Gashinta a nannaɗe bisa goshi. A kunnenta 'yan kunne na zinariya da lu'ulu'u suna reto. Rigarta launin shuni mai ja-ja. Ana iya ganin sawun abin da mai zanen ya yi ta shafa launi da shi a kumatunta, domin da kakin zuma aka kwaɓa launin. Daga ƙirjinta zuwa ƙasa kuwa katakon ya yi baƙi-baƙi da tabon ƙaro, wurin da ƙyallen naɗin gawa ya rufe shi. A ƙarƙashin hoton babu sunanta, babu na ubanta, sai kalma biyu da ke nufin zanen Fayyum.

Fayyum wani kwari ne mai dausayi da ke kudu maso yammacin Alƙahira, nisan kamar kilomita 100, wanda ruwan Nilu ke shiga ta wata mashiga da ake kira Bahru Yusuf, ya zube a tafkin Ƙaruna. Masu tarihi na Larabawa sun ruwaito cewa Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, shi ne ya raya wurin, har jama'a suka riƙa cewa daga kwana dubu na aikinsa sunan ya samo asali. Masana harshe kuwa sun mayar da shi ga wata kalma ta Ƙibɗawa da ta tsoffin Misirawa mai nufin teku ko tafki. Yunanawa da suka mallaki ƙasar sun kira lardin da sunan sarauniya Arsinowi, amma tsohon sunan ya fi ƙarfinsu, ya dawo bakin mutane, har ya iso zaurukanmu ta hanyar Ahmadu al-Fayyumi, mai ƙamus ɗin nan al-Misbahul Munir da malamanmu ke dubawa idan kalmar fiƙihu ta shige musu duhu. A ƙarni na 1 zuwa na 3 na Miladiyya, lokacin da Rumawa ke mulkin Masar, masu hali na wannan lardi da na wasu garuruwa, waɗanda jininsu da al'adunsu suka gauraya tsakanin Misirawa da Yunanawa, suka ci gaba da shafe gawa da magunguna da naɗe ta da lilin kamar yadda kakanninsu suka yi, sai dai a maimakon fuskar da aka saba ƙerawa, suka koma sa wa a zana kamannin mutum a katako a ɗaura bisa fuskar gawar. Yawancin katakon ma ba na itatuwan Masar ba ne, daga Turai ake kawo shi, abin da ke nuna irin dukiyar da ake kashewa.

Yadda zanen suka fito duniya shi ne wurin da darasin yake. Tun a 1615 wani matafiyi Ba'italiye, Pietro della Valle, ya sayi gawa biyu masu zane a Saƙƙara, waɗanda yanzu suke birnin Dresden na Jamus. Amma sai a 1887 kasuwar ta buɗe sosai, lokacin da wani attajiri ɗan Ostiriya, Theodor Graf, ya saye tarin zanen da masu haƙa suka ɓamɓaro daga gawawwaki a wajen Rubayyat cikin Fayyum, ya yi ta yawon nuna su a biranen Turai da Amurka don neman masu saye. A 1888 kuma wani Bature ɗan Ingila, Flinders Petrie, ya haƙa maƙabartar Hawara, kusa da dalar Fir'auna Amenemhat na 3, ya sake komawa a 1911, shi kuwa yana rubuta inda ya sami kowane abu da abin da ke tare da shi. Saboda waɗannan wurare biyu duk a Fayyum suke, sai sunan ya manne wa zanen baki ɗaya, ya zama duk wanda aka samu, ko a Saƙƙara, ko a Akhmim, ko a Luksor, ko a gaɓar Bahar Rum, da shi ake kiransa. Yau akwai kusan dubu a warwatse a gidajen tarihi na duniya, mafi yawansu an raba su da gawawwakin da aka yi su dominsu.

Malam ya juya shafi ya nuna mini wani saurayi mai ɗan gemu, ya ce, "Duba wannan. An rubuta Fayyum a samansa, amma a ƙananan haruffa an ce daga Antinowi aka tono shi, garin da Sarkin Rum Hadriyan ya gina a shekara ta 130, can kudu a gabashin Nilu, inda wani Bafaranshe, Albert Gayet, ya yi haƙa tun daga 1896. Ka san ko wane gari ne wannan?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, sai ka faɗa."

Ya ce, "Shi ne Ansina na littattafanmu. Daga wani ƙauye na yankinsa, Hafn, Mariyatul Ƙibɗiyya ta fito, mahaifiyar Ibrahim ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Yanzu Shaikh Ibada ake kiran wurin. To, ka ga wanda ya karanta Fayyum ya wuce, an hana shi sanin cewa wannan yaro maƙwabcin kakannin Mariya ne."

Ya ƙara da cewa kaɗan ne daga cikinsu suka tsira da sunayensu, kamar wata mata Harmiyoni, wadda aka rubuta a zanenta cewa malamar karatu ce, tana yanzu a wata kwalejin mata ta asali a Kambirij, da wani saurayi Artemidoros da ke gidan tarihi na Landan; su biyun kuwa daga haƙar Petrie suka fito, ba a kuma raba fuskokinsu da jikinsu ba. Muka yi shiru na ɗan lokaci. Shari'armu ba ta yarda da surantar mamaci a kabarinsa ba, kuma babu ɗayanmu da ya yi sha'awar aikin waɗannan mutane ta fuskar addini. Amma tausayi ya kama mu, ganin mutanen da suka ba da dukiya mai yawa don kada a manta da su, ga fuskokinsu sun kai shekara kusan dubu biyu, amma ba a san su wane ne ba, ana kiransu da sunan lardin da waɗansunsu ba su taɓa takawa ba.

Daga Ƙaura na nufi Zurmi, a kan hanyar da ke wucewa ta Gurbin Ɓore zuwa Jibiya da Katsina, wadda a da ita ce turbar fatake da manzanni tsakanin Katsina da Sakkwato. Ta nan wani Bature matafiyi, Clapperton, ya bi a 1824 zai je wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ta nan kuma wani Baturen, Barth, ya bi a 1853, ya ambaci Zurmi da Dutsi da Badarawa a labarin tafiyarsa. Wanda ya zauna da dattawan wannan yanki zai lura da cewa sarautunsu taskar sunayen wurare ce. Sarkin Zurmi shi ne Sarkin Zamfara, kamar yadda na Anka yake Sarkin Zamfara, alhali Birnin Zamfara kansa kufai ne tun da Sarkin Gobir Babari ya ci shi a wajen shekarun 1760, sarakunansa suka yi ta ƙaura har suka tabbata a Anka. Sarkin Ƙaura shi ne Sarkin Kiyawa, na Moriki kuwa Sarkin Burmi. Sunaye ne da suka tashi daga mazauninsu na farko suka koma wani wuri, amma sun tashi ne a hannun masu su, da saninsu, kuma duk bafaden da ka tambaya zai jero maka dalilin da ya sa aka yi haka, wa ya ba wa tuta, wa ya gaji wa. Da aka kafa jiha a 1996 aka ba ta sunan Zamfara, tsohon suna ne ya koma gida.

A ƙasar Zurmi ne kuma Dutsi take, wadda riwaya ta ce ita ce mazaunin farko na sarakunan Zamfara. Dattawa sun ba ni labarin manyan tuddan da ke can, waɗanda suka gada daga iyayensu cewa kaburburan sarakunan farko ne, su Dakka, mutane ne ƙatta waɗanda tsawonsu ya wuce na mutanen yanzu, da kuma labarin sarauniya 'Yargoje. Mai hankali ba zai ɗauki maganar girman jikinsu a matsayin awo ba, amma zai lura da abin da riwayar ta kiyaye: ga wurin, ga sunan wanda aka ce yana kwance a ciki, ga zuriyar da ke da'awar nasaba gare shi, duk a haɗe, babu wanda aka ɗauke aka kai wata ƙasa.

Ina Zurmi aka yi rasuwa a unguwar da na sauka, wani tsoho manomi, na bi jama'a zuwa maƙabarta. Aka sauke makara a gefen rami, mutum uku suka karɓe shi cikin likkafaninsa fari, suka kwantar da shi a kan gefensa na dama yana fuskantar alƙibla, suka sassauta ɗaurin. Aka jera itace a kan ramin ciki, aka toshe kafofi da ɓallin tukwane da ganye, aka shafe da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, sa'an nan kowa ya sa hannu aka tura busasshiya, aka yayyafa ruwa, aka ɗora ƙaya saboda dabbobi. Ba a kafa allo ba, ba a rubuta ko harafi ɗaya ba, domin littattafan mazhabarmu sun karhanta gini a kan kabari da ƙawata shi. Damina biyu ko uku za su daidaita tudun da ƙasa. Amma a kan hanyarmu ta komowa na ji ana ambatonsa da sunan ƙauyen da ya taso, ana cewa wane na wuri kaza, ɗan wane, wanda ya haƙa rijiyar bakin kasuwa. Na kuwa tabbata jikan da za a haifa nan gaba a gidan zai amsa sunansa, a riƙa sakaya shi da Baba saboda kunya. Mu mun ɓoye fuska mun riƙe suna da wuri, kuma a kan waɗannan biyu kaɗai dukkan tunawarmu da magabata ta dogara. Wannan ya sa asararsu a wurinmu ta fi tsanani, domin idan suka tafi babu wani katako da zai rage.

Na komo ta Moriki na isa Shinkafi ranar Laraba da yamma, don in riski kasuwar Alhamis, wadda tun da daɗewa take tara mutanen Nijar da na Sakkwato da na Katsina da fataken kudu. Ko da yake kowa na cewa ba ta kai yadda take a da ba, na tarar da kara cike da shanu da raƙuma, buhunan gero da wake a jibge, ga masu kanwa, ga masu tabarmi, ga dillalai na tafa hannu. A layin masu daddawa na tsaya gaban wata tsohuwa wadda zane ya taso daga gefen bakinta ya bazu bisa kumatunta har kusa da kunne, tsufa ya nutsar da shi cikin tamoji amma bai shafe shi ba. Ta ga ina kallo, ta yi dariya ta ce, "Yaro, mi kaka dubi? Wanga zane na gidanmu na. Kowag gane shi ya san ni ɗiyar Gobir ta, daga Masar kakanninmu sunka hito." Na ce, "Inna, Allah ya ƙara lafiya," na sayi daddawarta.

Maganar tata tana da asali a rubuce, domin Sarkin Musulmi Bello ya kawo a Infaƙul Maisur, wanda ya wallafa a 1812, cewa ana danganta asalin Gobirawa ga Ƙibɗawan Masar. Abin da tarihi ya tabbatar shi ne zamansu a Azbin da gangarowarsu kudu sannu a hankali, har Babari ya gina Alƙalawa a gonakin alƙalin Zamfara, kufanta kuwa na nan arewa da Shinkafi, bayan Isa, a wajen Sabon Birni. Riwayar Masar riwaya ce, a matsayinta ya kamata a riƙe ta, kada a ƙara mata gishiri, kada kuma a yi mata dariya, domin jama'a ce ke faɗin inda take jin ta fito, da bakinta. Tsohuwar nan tana ɗauke da sunan ƙasarta a fuskarta, ita ce kuma ke fassara shi. Budurwar littafin Malam kuwa wani ne ya laƙaba mata suna bayan an fitar da ita daga kabari.

A wata rumfar masu hatsi ne na gane cewa abin da ya sami mutanen Ansina ya sami ƙasarmu ma. Ina ba da labarin zanen Fayyum, sai wani magidanci mai furfura ya ce shi ma ya taɓa irin wannan haƙa yana saurayi, a shekarun 1990, a wajen Kwatarkwashi. Ya ce baƙi ne suka zo da kuɗi suna neman kawunan mutane na gasasshen yumɓu da ke binne a ƙasa, samari suka bar gona suka ɗauki diga da shebur, rami bisa rami. Wanda ya fito lafiya a naɗe shi da tsumma a sa a buhu, wanda ya fashe a watsar, tukwane da duwatsun da aka tarar tare da su kuwa babu mai waiwayarsu. Ya ce, "Alhaji, mu gumaka muka ɗauke su, muna ganin mun rabu da ƙazanta mun kuma sami na cefane. Ba wanda ya tambaye mu sunan wurin."

A kasuwannin Turai waɗannan kayayyaki da ire-irensu na arewa maso yamma sun shiga ƙarƙashin sunaye uku: Nok, Sokoto, Katsina. Nok ƙauye ne a kudancin Kaduna inda masu haƙar kuza suka fara cin karo da irin wannan aiki a 1928, wani Bature, Bernard Fagg, ya bi diddiginsa tun daga shekarun 1940, sunan ƙauyen ya zama na al'ada guda mai faɗin ƙasa, kamar yadda Fayyum ya zama. Amma Nok ya sami masu haƙa na ilmi da suka rubuta abin da suka gani. Sokoto da Katsina kuwa galibi sunaye ne na dillalai, waɗanda ba su nuna gari ko tudu ko kwari, sai dai su nuna wa mai saye wani yanki mai faɗi a taswira, su kuma rufe sawun wanda ya haƙa. A shekara ta 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya ta sa waɗannan kaya a jerin abubuwan Afirka da ke cikin haɗarin sata, a shekarar 2000 ɗin kuma aka baje biyu na Nok da ɗaya na Sokoto a gidan tarihi na Louvre a Paris, aka yi ta ce-ce-ku-ce, har Faransa ta amince a 2002 cewa mallakar Nijeriya ne, aka bar mata su aro na shekara 25. Mallaka ta dawo a takarda, amma sanin ramin da kowannensu ya fito, da abin da ke kwance kusa da shi, da ko kabari ne ko wurin bauta ko gida, wannan ya tafi tare da ƙasar da shebur ya watsar.

Ban ga laifin magidancin nan shi kaɗai ba, domin talauci ya tura shi, jahilcin abin kuma ba shi ya jawo wa kansa ba. Amma ina ganin wajibi ne malamanmu su bayyana wa jama'a cewa ƙin bauta wa abu daban ne da halatta sayar da shi ga ɓarayi. Alƙur'ani ya yi umarni a wurare da dama da a yi tafiya a bayan ƙasa a dubi yadda ƙarshen waɗanda suka gabata ya kasance, wanda kuwa ya tone alamunsu ya watsar ya hana na baya abin da za su duba su wa'aztu. Malaman hadisi ba su karɓar magana sai da isnadi, kome daɗinta. Kayan tarihi ma isnadinsu shi ne wurin da aka same su, idan ya yanke sun zama abin ado a ɗakin attajiri, ba su iya ba da shaida a kan kome. Idan kuwa wurin kabari ne, to, hurumin mamaci a shari'a bai faɗi don ya daɗe ba.

Abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa shi ne abin da na gani a Shinkafi da Zurmi da Ƙaura baki ɗaya: mutanen ƙauyuka da rashin tsaro ya taso, suna zaune a kangwaye da gidajen dangi, sun baro gonaki da rijiyoyi da maƙabartun iyayensu. Idan ka tambayi ɗayansu daga ina, zai faɗi sunan ƙauyensa da unguwarsa har da itacen da ke ƙofar gidansu. Amma ɗansa da aka haifa a gudun hijira zai ce shi ɗan Shinkafi ne, jikansa kuma ya ce ɗan Zamfara, kamar yadda ɗan Ansina ya zama ɗan Fayyum. Maganin wannan ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Limamin kowace jama'a da malamin makarantarta su zauna da tsofaffi tun suna da rai, su rubuta, da boko ko da ajami, sunan ƙauyen da wanda ya kafa shi, da inda maƙabarta take, da kufai da tudun da ake jin tsoro ko ake girmamawa, da iyakar gonaki, a ajiye kwafi a wurin hakimi, a kai wani makarantun ilmi mai zurfi na jihar. Wanda kuma garma ta tono masa wani abu na mutanen da, ya bar shi inda yake, ya sanar da mai gari, a kira ma'aikatan hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, wadda doka ta ɗora wa wannan aiki tun 1979, a rubuta sunan wurin kafin a ɗaga kome.

Ranar da Allah ya kawo zaman lafiya, kuma muna kyautata zaton zai kawo, waɗannan takardu ne za su nuna wa yaran da suka girma a gari inda za su koma, da inda za su tsaya su yi wa iyayensu addu'a. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya mayar da kowa gidansa cikin aminci, ya ba mu ikon riƙe amanar da suka bar mana.